GTA VI: masu jira sun bar jaki suna dukan taiki

A ranar 6 ga watan Nuwamban 2025 kamfanin Rockstar Games ya sake ɗage ranar fitar da wasan bidiyo na Grand Theft Auto VI, wanda kowa ya fi sani da GTA VI, zuwa 19 ga Nuwamban 2026. Karo na biyu ke nan. Da farko an ce zai fito a ƙarshen 2025, a watan Mayu aka mai da shi 26 ga Mayun 2026, yanzu kuma an ƙara kusan wata shida a kai. A daren da aka yi sanarwar, hannun jarin Take-Two, uwar kamfanin Rockstar, ya faɗi a kasuwa. Shafukan sada zumunta kuwa suka cika da zagi da ba'a. Tsohon barkwancin nan ya dawo, wanda duk wani abin mamaki da ya faru a duniya sai a ce har shi ma ya riga GTA VI zuwa.

Fushin yana da dalili. GTA V ya fito ranar 17 ga Satumban 2013. Yaron da ke da shekara 12 a lokacin zai kai 25 kafin ya ga na shida, watakila da mata da ɗa. Tsakanin 2001 da 2008 kuwa wannan kamfanin ya fitar da manyan wasanni huɗu a jere: GTA III, Vice City, San Andreas da GTA IV. Wanda ya saba da cin abinci sau uku a rana, aka bar shi da jira shekara 13, ba za a ga laifinsa ba idan ya yi ƙorafi.

Sai dai a cikin duk abubuwan da masoyan wasan ke tsoro, jinkirin ne mafi sauƙi, kuma shi ne ya cinye kusan duk surutun. Abin da ya kamata ya hana su barci shi ne irin wasan da za a miƙo musu ranar da ya fito, da kuɗin da za a nema a hannunsu, a ranar farko da kuma kowane wata bayan nan. Ga matashin da ke Maradi ko Damagaram ma akwai tambayar da ta riga waɗannan: shin wasan zai iso hannunsa ta hanyar da zai iya buga shi?

Jinkiri dai al'adar Rockstar ce. GTA IV an shirya shi don Oktoban 2007, bai fito ba sai Afrilun 2008. GTA V ya tsallake lokacin da aka ɗibar masa da watanni. Red Dead Redemption 2, wasan kaboyi na kamfanin, sau biyu aka ɗage shi kafin ya fito ranar 26 ga Oktoban 2018, kuma yau ana lissafa shi cikin wasannin da suka fi kyau a tarihin sana'ar. Babu wanda ke tuna watannin da ya jira.

Abin da ake tunawa shi ne aikin gaggawa. A Disamban 2020 kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ya saki Cyberpunk 2077 bai nuna ba. A kan PlayStation 4 wasan yana tsayawa, yana kashe kansa, mutanen ciki suna nutsewa cikin ƙasa, har Sony ya cire shi daga shagonsa na intanet na kusan wata shida, ya mayar wa mutane kuɗinsu. Shi ma Rockstar ya taɓa shan wannan kunyar. A Nuwamban 2021 ya fitar da tsoffin wasanninsa uku, GTA III da Vice City da San Andreas, a sabuwar riga, aikin da ya ba wani ƙaramin kamfani. Fuskokin mutane suka fito a karkace, ruwan sama idan ya sauko sai ya rufe allon gaba ɗaya, aka janye na kwamfuta daga kasuwa na ƴan kwanaki, kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Duk wanda ya ga yadda aka ɓata fuskar CJ a wannan shekarar bai kamata ya riƙa kiran a yi sauri ba.

Akwai wani tsoron kuma da ba ya buƙatar dogon bayani. Tun da bidiyon somin-taɓi na farko ya fito a Disamban 2023, wanda aka kalla fiye da sau miliyan 90 cikin awa 24 a YouTube, wasu ke gunaguni don ɗaya daga cikin jaruman biyu mace ce, Lucia Caminos, tare da abokin tafiyarta Jason Duval. Wai hakan alama ce ta cewa kamfanin ya yi laushi. Wannan magana ba ta da nauyi. GTA na farko, wanda kamfanin DMA Design ya yi a garin Dundee na Scotland a 1997, yana da mata a cikin waɗanda ɗan wasa ke zaɓa. Labarin mace da namiji ƴan fashi da ke gudun hukuma kuwa tsohon labari ne a Amurka, tun zamanin Bonnie da Clyde. Ko Lucia za ta zauna a zukatan mutane kamar CJ ko Niko Bellic, rubutun da aka yi mata ne zai nuna.

A kan rubutun ne tsoro na gaske ya fara. Mutanen da suka ba GTA muryarsa sun watse. Dan Houser, wanda ya kafa Rockstar tare da yayansa Sam kuma ya jagoranci rubuta labaran wasannin tun farkon shekarun 2000, ya bar kamfanin a Maris 2020. Lazlow Jones, wanda ke bayan gidajen rediyon da ake saurare cikin mota, masu yi wa ƴan siyasa da ƴan talla na Amurka shaƙiyanci, shi ma ya tafi a wannan shekarar. Michael Unsworth, wani babban marubucin, ya bi su a 2023. Leslie Benzies, shugaban reshen Rockstar North da ke Edinburgh, ya riga su tun 2016, har ya kai kamfanin kotu yana neman dalar Amurka miliyan 150. GTA VI zai zama babban GTA na farko cikin sama da shekara 20 da zai fito Dan Houser ba ya cikin gidan.

Ba a ce tafiyarsu ta kashe wasan ba. Dubban mutane ne ke yin irin wannan aiki, kuma babban suna ba ya tabbatar da komai: wasan da Benzies ya yi da kansa bayan ya bar Rockstar, MindsEye, ya fito a Yunin 2025 ya zama abin dariya saboda yawan kurakurai. Amma GTA ya bambanta da sauran wasannin mota da bindiga saboda bakinsa. Yana yi wa Amurka dariya, da kwaɗayinta, da ƴan sandanta, da talabijin ɗinta. A wata hira da mujallar GQ a 2018, Dan Houser da kansa ya nuna yana godiya da ba a lokacin ne za su fitar da GTA VI ba, don siyasar ƙasar ta kai inda da wuya a yi mata ba'a, abin da ke faruwa a zahiri ya fi duk abin da marubuci zai ƙirƙira. Sabon wasan yana faruwa ne a jihar Leonida, wadda aka kwaikwayo daga Florida, da birnin Vice City, wato Miami. Somin-taɓin farko cike yake da hotunan da aka ɗauko salonsu daga bidiyoyin da suka yi yawo a intanet, kada a wurin ninƙaya, mutane suna rawa a kan mota. Idan duk abin da wasan zai yi shi ne maimaita abin da ake gani kyauta a TikTok, to bakin ya mutu ko da hoton ya yi kyau.

Babbar barazana ga labarin dai ba daga marubuta take ba, daga asusun kamfanin take.

GTA V ya tara dalar Amurka biliyan 1 cikin kwana uku da fitowarsa. An sayar da fiye da kwafi miliyan 200, an sake fitar da shi a kan zuriya uku na PlayStation, daga ta uku zuwa ta biyar. Amma abin da ya mai da shi saniyar tatsa shi ne GTA Online, ɓangaren da ake bugawa da sauran mutane ta intanet, wanda aka buɗe ranar 1 ga Oktoban 2013. A can akwai motoci, gidaje, jirage da kasuwanci da ake saye da kuɗin cikin wasa. Mutum na iya shafe kwanaki yana tara kuɗin, ko ya ciro kuɗin gaske ya sayi katin da ake kira Shark Card, wanda mafi girmansa ya kai kusan dalar Amurka 100. Shekara bayan shekara farashin kayan cikin wasan yana hawa, kuma duk wanda ya daɗe a ciki ya san dalili: idan tarawa ta yi wuya, katin zai yi farin jini. A 2019 aka buɗe gidan caca a cikin wasan, wanda dole aka toshe teburansa a ƙasashe da dama saboda dokokinsu. A 2022 aka ƙara tsarin biyan wata-wata mai suna GTA+.

Me wannan ya jawo wa mai son labari? GTA IV ya samu ƙarin labarai biyu cikakku a 2009, da sabbin jarumai, waɗanda har yau ake yabawa. A ƙarshen 2013 Rockstar ya yi alƙawarin irin wannan ƙari ga labarin Michael da Franklin da Trevor na GTA V. Bai taɓa zuwa ba. A 2017 wani daraktan kamfanin ya amsa cewa ma'aikata da lokaci sun tafi wasu ayyukan, ciki har da GTA Online. Shi kuwa ɓangaren intanet na Red Dead, da bai kawo kuɗi kamar na GTA ba, a 2022 aka sanar cewa ba za a ƙara yi masa manyan sabbin abubuwa ba. A 2023 kuma Rockstar ya saye ƙungiyar Cfx.re, masu FiveM, manhajar da ƴan wasa ke amfani da ita su gina garuruwansu su yi rayuwar kwaikwayo a cikin GTA V. Kamfani ba ya sayen irin wannan don ado. Duk waɗannan matakai wuri ɗaya suke nuni: inda kuɗi ke shigowa kowane wata, can hankali yake.

Babu wanda ke zaton GTA VI zai fito ba labari. Tsoron shi ne labarin ya zama zaure kawai, a wuce ta cikinsa a shiga kasuwar da ke bayansa, kuma a gina wasan tun daga tushe yadda zai riƙa tura mutum can.

Sai maganar farashi. Har zuwa ƙarshen 2025 Rockstar bai faɗi nawa zai sayar da wasan ba, amma tarihin uwar kamfanin bai ba da kwanciyar hankali ba. Take-Two ne ya fara ɗaga farashin sabon wasa daga dalar Amurka 60 zuwa 70, da NBA 2K21 a 2020, sauran kamfanoni suka bi sahu. A Yunin 2025 Nintendo ya sayar da Mario Kart World a kan 80. Tun farkon 2025 wani mai nazarin kasuwar, Matthew Ball, ya rubuta cewa akwai masu sana'ar da ke fatan GTA VI ya fito tsakanin 80 da 100, don su ma su samu hujjar ɗaga nasu. Wannan shi ne abin da ya sa maganar ta shafi har wanda bai damu da GTA ba. Wasan da kowa zai saya ko nawa ne, shi ke yanka wa sauran farashi. Microsoft ya gwada sa 80 a kan The Outer Worlds 2, mutane suka yi ca, ya janye. Da wuya Rockstar ya ji irin wannan matsin, don ya san ba a da wani GTA.

A mai da lissafin zuwa kuɗin gida. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, ba ya motsi. Manyan sabbin wasannin PlayStation 5 a Faransa sun riga sun kai yuro 80, wato wajen jika 52 da rabi. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne. Faifai ɗaya ke nan ya fi albashin wata. Idan aka kai yuro 100, an haura jika 65. Ita kanta na'urar, PlayStation 5 mai cin faifai, yuro 550 aka sayar da ita a Turai a 2025, kusan jika 360, albashin sama da wata takwas, kafin a sa kuɗin jigila da na kwastan. Kuma saɓanin yadda aka saba, wannan na'urar tsufanta bai sa ta yi araha ba: a Amurka an ƙara mata dala 50 a Agustan 2025, kusan shekara biyar bayan fitowarta. GTA VI a kan PlayStation 5 da Xbox Series X da S kawai aka sanar da shi. Mai PlayStation 4 ba ya ciki. Mai kwamfuta ma ba a ce masa komai ba, kuma ya san GTA V sai a Afrilun 2015 ya iso kwamfuta, wata 19 bayan fitowarsa, Red Dead Redemption 2 kuma bayan shekara guda.

Wani zai ce ai ba don matasan Nijar aka yi wasan ba, me ya kai su damuwa? Gaskiya ne Rockstar bai taɓa lissafi da kasuwar Sahel ba. Amma GTA ya shigo duk da haka, kuma ya zauna. San Andreas na 2004 ya zo a kan PlayStation 2, faifai ɗaya, ba ya neman intanet, ba ya neman rajista. Talabijin ɗaya da na'ura ɗaya a ɗakin wasan unguwa sun isa yara goma su yi layi, kowa ya biya ƴan kuɗinsa ya karɓi manet na ɗan lokaci. Lambobin sirrin samun makami ko kuɗi a takardar makaranta ake rubuta su, ana wucewa da su hannu zuwa hannu. Da yawa ba su jin Turancin da ake yi a ciki, amma sun san Grove Street, sun san Big Smoke, sun san takaicin bin jirgin ƙasan nan a kan babur. Da wasan ya koma wayar Android a ƙarshen 2013 sai ya sake samun wata zuriyar, ana tura shi daga waya zuwa waya a fada ba tare da an kashe ko sisi na data ba. Abin da ya sa wannan ya yiwu shi ne wasan cikakke ne a cikin abin da ke hannunka. Ka same shi, ka mallake shi.

Wannan tsarin ne ke mutuwa a sana'ar gaba ɗaya. Red Dead Redemption 2 ya zo a faifai biyu, yana neman wajen giga 100 a kan PlayStation 4. Wasanni da yawa yau suna zuwa da faifan da ba ya ɗauke da komai sai wani ɓangare, sauran sai an sauke, ga kuma gyaran ranar farko mai nauyin giga da yawa. PlayStation 5 Pro ma ba ta zuwa da wurin sa faifai, sai an saya daban. Ga wanda ke da intanet na waya a gida ba iyaka, a Lyon ko Montréal, wannan jiran dare ɗaya ne. Ga wanda ke sayen data kaɗan-kaɗan a Tawa, kuɗin saukewar zai iya gogayya da kuɗin wasan, kuma idan aka ɗauke wuta a tsakiya, kamar yadda aka sha fama tun lokacin da Najeriya ta yanke layin lantarki a Agustan 2023, sai haƙuri.

Ga kuma wani shingen da ƴan wasan Turai ba su ma san da shi ba. Nijar ba ta cikin jerin ƙasashen da ake iya buɗe asusun PlayStation Network da sunansu. Mai na'ura a Yamai sai ya ce shi mazaunin Faransa ne ko Amurka, ya nemi adireshin aro, ya riƙa sayen katin kuɗi na waccan ƙasar, galibi ta hannun ɗan'uwa da ke waje. Kamfanin ya kau da kai, amma a ƙa'idarsa yana da ikon rufe irin wannan asusun, da duk abin da aka saya a ciki. An ga yadda abin ke iya juyawa a Mayun 2024, lokacin da Sony ya ce dole masu buga Helldivers 2 a kwamfuta su haɗa da asusun PlayStation, aka daina sayar da wasan a ƙasashe da yankuna sama da 170. Sony ya janye sharaɗin bayan an yi masa bore. GTA Online a kan PlayStation 4 da 5 yana buƙatar biyan PlayStation Plus. Duk gwargwadon yadda GTA VI ya jingina da intanet, gwargwadon haka zai yi nisa da ɗakin wasan unguwa.

Wasan da ya dogara da kwamfutocin kamfani kuma yana da ranar mutuwa. A ƙarshen Maris 2024 Ubisoft ya kashe na'urorin da ke riƙe da wasan tseren mota The Crew, wanda ya fito a 2014, waɗanda suka saye shi da kuɗinsu suka wayi gari da faifan da ba ya buɗewa. Abin ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda a 2025 ya tara sa hannu fiye da miliyan 1 a Tarayyar Turai don a yi doka. Faifan San Andreas kuwa, idan bai karce ba, yau ma yana tashi bayan sama da shekara 20.

Ƴan'uwa da ke ƙasashen waje, waɗanda saƙon "a taho min da shi" zai fara isa wayoyinsu tun kafin Nuwamba, su ne ya fi kamata su sa ido kan wannan. Kafin a kashe yuro 600 ko fiye a kan na'ura da faifai, a jira a ji ko ɓangaren labarin yana tashi ba tare da intanet ba, kuma giga nawa yake nema a ranar farko. Kada a biya kuɗin wasa tun bai fito ba. Wanda ya biya kafin ya gani ya sayar da ƴancinsa na ƙin saye, kuma wannan ne kaɗai abin da kamfani ke jin tsoro. A kuma tuna cewa tun San Andreas hukumar tantance wasanni ta Turai ke sa wa manyan wasannin GTA alamar shekara 18. Akwai kisa, ƙwaya, gidajen rawa da zagi a ciki, kuma kyawun hoton yau ya sa abin da ya yi kama da zanen yara a 2004 ya koma kamar fim. Mai aiko wa ƙaninsa ɗan shekara 11 da shi ya san abin da ya aiko. Masu ɗakunan wasa ma sun daɗe suna yin kamar ba su ga lambar da ke jikin kwalin ba.

Akwai wasu mutanen da masu zagin jinkiri ba su cika tunawa da su ba, wato waɗanda ke yin wasan. A 2018 Dan Houser ya faɗa a wata hira cewa sun yi makonnin aiki na awa 100 kafin su gama Red Dead Redemption 2. Daga baya ya ce manyan marubuta ƴan kaɗan yake nufi, na ƴan makonni, amma maganar ta buɗe baki, ma'aikata da dama suka ba da labarin watannin da suka yi ba hutun ƙarshen mako. Kamfanin ya ce ya gyara. A 2022 wani matashi ɗan Ingila ya yi kutse ya watsa bidiyoyi kusan 90 na GTA VI tun yana ɗanye, abin da ya sa aka ƙara tsaurara tsaro, kuma daga Afrilun 2024 aka umarci ma'aikata su koma ofis kwana biyar a mako. Sai ga shi a ƙarshen Oktoban 2025, mako guda kafin sanarwar ɗagewar, Rockstar ya kori ma'aikata sama da 30 a Birtaniya da Kanada. Ƙungiyar ƙwadago ta IWGB ta ce an kore su ne don suna ƙoƙarin kafa reshenta a kamfanin. Rockstar ya ce sun fitar da bayanan sirri ne a wani dandali. An yi zanga-zanga a ƙofar ofishin Edinburgh, abokan aikinsu sama da 200 suka sa hannu a takardar neman a mayar da su. Ko wane ne ke da gaskiya, kamfanin da ke cewa yana buƙatar ƙarin lokaci don ya goge aikinsa ya sallami ƙwararrun hannaye ana tsakar gugar. Idan wata shidan da aka ƙara za su rage wa sauran kwana a ofis, ba asara ba ne. Idan kuwa ƙarin wata shida ne na aikin dare da rana, da mutanen da ke tsoron buɗe baki, hakan zai fito a jikin wasan, ko ba a ranar farko ba.

Bidiyon somin-taɓi na biyu, wanda ya fito ranar 6 ga Mayun 2025, ya nuna abin da ba a shakka a kansa. Rockstar ya ce a kan PlayStation 5 aka ɗauke shi, kuma hasken rana a kan ruwa, zufa a jikin mutum, cunkoson bakin teku, duk sun wuce abin da aka saba gani. Kamfanin ya wallafa hotuna da tarihin jarumai, ya bayyana yankunan Leonida ɗaya bayan ɗaya, daga tsibiran kudu zuwa fadamun da kadoji ke ciki. Shugaban Take-Two, Strauss Zelnick, ya sha faɗa wa masu hannun jari cewa yana da ƙwarin gwiwa kan ranar fitowa, kamar yadda ya faɗa kan ranakun da suka gabata. Har zuwa ƙarshen 2025, kan farashi ba a ce komai ba. Kan ko faifan zai ɗauki wasan gaba ɗaya ma a lokacin ba a ce komai ba. Kan ɓangaren intanet kuwa, wanda shi ne ya ciyar da kamfanin shekara 12, a lokacin Rockstar bai nuna ko hoto ɗaya ba.